A Bar Mana Yanken Gwaggo

Shugaban taro, mai girma shugaban hukumar tsara gari, injiniyoyi masu hular kwano, iyayenmu mata da ke can baya inda lasifika ba ta kaiwa, 'yan'uwana mazauna unguwa, assalamu alaikum.

Ni tela ne. Unguwa ta turo ni in yi godiya kan filin nan da za a gyara mana. To, mun gode. Amma tunda makirufo ya shigo hannuna, ba zan sake shi da arha ba.

Na farko, tun safe ake jero sunayen waɗanda suka zana garin nan, ana tafi. Ban ji an ambaci masu ciwon gwiwa ba, ban ji an ambaci malalata ba, ban ji an ambaci waɗanda suka makara ba. Alhali su ne ke zana hanya da ƙafa, ba fensir, ba albashi.

Na biyu, yanken nan da ya ratsa filin, daga bakin famfo zuwa ƙofar asibiti, gwaggona ce ta fara shi. Ga ta can da sandarta. Da gwiwa ta matsa mata, sai ta dubi titin da ke kewaye filin kamar kalmasar bakin zani, ta dogara sanda ta ratsa tsakiya. Mai gadi ya ce, "Baba, an hana taka ciyawa." Ta ce, "Ɗan nan, ciyawar ce likita ke jira, ko ni?" Masu ciki suka bi ta, 'yan makaranta suka bi, har awaki suka amince da tsarin.

Na uku, a sabon zane an ɗora katanga da furanni a kan yanken. Nan wasa ya ƙare. Gwaggo ba za ta iya zagaye ba. In aka toshe, za ta daina zuwa allurarta, kuma wannan yana ba ni tsoro. Ba allon suna muke roƙo ba, ƙofa muke roƙo.

Ranka ya daɗe, shagona yana kallon filin. Da safen nan, da motarka ta maƙale a cunkoso, na ga ta inda ka iso da ƙafa. Jama'a, kada kowa ya dubi takalmin shugaba.

Allah ya ƙara wa shugaba lafiyar gwiwa, ya sassauta wa gwaggo ciwon tata gwiwar, ya mai da kowa gida lafiya ta hanya mafi kusa.

Na gode.