Fitilun da Suka Kusa Raba Ni da Rifkatu

'Yan'uwa, salama a gare ku cikin sunan Yesu mai cetonmu.

Hannun Rifkatu na fara gani, tana ƙulla barkono a kasuwar Kabo, sannan ta ɗago ta dube ni sau ɗaya. Ni malamin makaranta ne a Gwarzo, na tashi da littattafan soyayya a aljihu, don haka nan take na ce labarina ya fara. Iyayenta mutanen Filato ne, suna zaune a Dugabau.

Fitilar babur ɗina kamar aci-balbal take, sai na ƙara masa manya guda biyu, don in na shigo unguwarsu a san wani ya zo. Kowace Asabar kafin in tafi zance sai in gangara da shi rafi, in kwara masa ruwa har ƙarƙashin kujera, ya yi ta ƙyalli.

Sau uku sababbin fitilun suka mutu ina dawowa bayan magariba. A na ukun na faɗa rami, na karye a hannu.

Gwaggo Hannatu, wadda ta riƙe ni tun ina ƙarami, ta zauna a bakin gadona ta ce, "Bulus, kowace Laraba kana zuwa addu'ar yamma a Madadi, fitila ba ta taɓa mutuwa ba. Sai a hanyar yarinyar nan. So kake Allah ya sauko ya faɗa maka da baki?"

Na yarda da ita. Wannan shi ne zunubina, ba zan ɓoye ba. Wata biyu ban taka Dugabau ba. Na daina addu'a, na koma duban alamu. Alli ya karye a hannuna, in ce gargaɗi ne. Kaza ta gitta, in juya. Na rame, na zama bawan tsoro, ga Littafi Mai Tsarki a kan tebur yana shan ƙura.

Sai Rifkatu ta kira ni a waya. "Malam Bulus, in babur ne ke zaɓa maka mata, ka kai masa sadaki. Ƙarshen wata zan daina jira."

Na shiga majami'a ba kowa, na durƙusa. Na ce, "Ubangiji, in kai ne ka hana, ka nuna mini a Maganarka. In tsoro ne, na ƙi shi yau. Ba zan ƙara bauta wa fitila ba."

Na tashi zuciyata sakayau, na wanke babur a rafi yadda na saba, na tura shi wajen Malam Hadi mai wayarin, na kwashe labarin duka na gaya masa. Ya ɗaga kujera, ya zaro wani ɗan baƙin akwati, rile, wanda ke sakar wa fitilu wutar batir. Ya girgiza shi, ruwa ya ɗigo a tafinsa.

"Malam, kifi kake kiwo a ciki?"

Ya nuna mini an ɗaura shi ƙafafu sama, ruwa na taruwa, tsatsa ta ci shi. Ya kuma yi wa fitilun ƙanƙanta, cikinsa ya ƙone, gargadar hanya ta sassauta wayoyin. "Ran Asabar yana jiƙe, kafin Laraba ya bushe. Aljaninka bokiti ne da soso."

Ya sa babba, ya ɗaure shi inda ruwa ba ya kaiwa.

Na kai wa Gwaggo tsohon rilen, na sa mata a hannu. Na ce, "Gwaggo, ga wanda ya yi maganar. Ni Dugabau za ni." Da rana tsaka na tafi, hannu ɗaure, na iske Rifkatu tana shanya. Ba ta yi murmushi ba sai da na nemi gafara sau biyu.

Shekara shida ke nan da aurenmu. Na gode wa Ubangiji da ya kwance ni. Duk wanda ake karanta wa ƙaddararsa a jikin ƙarfe, ya ƙi, ya durƙusa, ya dogara ga Yesu.

Gwaggo kuwa ƙafa ta gaza, tana gidanmu, Rifkatu ke dama mata kunu. Ba ta taɓa cewa ta yi kuskure ba. Baƙo ya zo, sai ta ce ita ta zaɓa mini matar.