Lahadin da Dattawa Suka Same Ni da Sarakuna Biyu a Hannu

Salama a gare ku duka cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Fasto, dattawa, iyayena mata, 'yan'uwa, ina gaishe ku.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Ayuba, mijin Rifkatu, waccan da ke zaune a baya tana rufe fuska da gyale. Ta roƙe ni kada in ambaci sunanta, to ga shi na riga na ambata. Ni nas ne a wani asibiti a cikin Washington, muna zaune nan Wheaton, asalina kuwa wani ƙauye ne kusa da Kagoro. Minti goma Fasto ya ba ni. Zan yi ƙoƙari, amma ban yi alkawari ba.

Shaidata a kan karta ce. E, karta. Na ga wasu da suka fara gyangyaɗi sun ɗago kai.

Ni ɗin nan da kuke gani, tun ina yaro ba wanda na raina kamar 'yan kartar tashar Kafanchan. In na wuce su sun shimfiɗa buhu a gindin mangwaro suna rabawa, tsaki nake ja. Sai ga shi na tsallako teku, na yi karatu, na sa farar riga, na zo na zama ɗaya daga cikinsu. Bambancin kawai, ni a kan kujera mai juyawa nake yin tawa.

Wani abokin aikina Ba'amurke ne ya jawo ni. Ya ce suna da lig, wato jerin gasa, na wata karta da ake kira foka a intanet, irin na 'yan koyo, don nishaɗi kawai. Kowace Lahadi da ƙarfe biyu na rana ake buɗe gasa. Kuɗin shiga dala biyu ko uku ne. Wanda ya daɗe a wasan ba a fitar da shi ba, shi ya fi samun maki, a yi ta tarawa har ƙarshen zango, sannan masu maki da yawa su haɗu a babban teburi. Kyautar kuwa wani ɗan kofi ne na roba, da sunanka a saman shafi.

Saboda haka kada wani ya jira in ce na sayar da mota ko na cinye kuɗin haya. Ban taɓa ba. Shi ya sa ma abin ya daɗe yana cina ban sani ba. In zuciyata ta tashi da ni, sai in ce mata, ke, yi mini shiru, wannan ai ba caca ba ce, lissafi ne, wasan masu ƙwaƙwalwa. Har littattafai na saya. Ni da Littafi Mai Tsarki ke yin mako a mota ban buɗe ba, na zauna ina ja wa littafin karta layi da jan biro.

Abin da kartar ta ci ba kuɗi ba ne, uwata ce.

Mama tana ƙauye, ta tsufa, ga hawan jini. A wancan lokacin ba ta da waya. Mutum ɗaya ne mai salula a unguwarsu, Malam Luka, malamin firamare. Tun zuwana ƙasar nan muka yi yarjejeniya: kowace Lahadi in an yi magariba a can, za ta dogara sandarta ta je gidan Malam Luka ta zauna, ni kuma in sayi katin waya a shagon 'yan Ghana in kira. Magariba a can kuwa ita ce ƙarfe biyu na rana a nan.

Ku da ba ku taɓa wasan ba, Allah ya ci gaba da tsare ku, bari in gaya muku dokarsa. In aka fara gasa ba a tashi. In ka tashi, wasan ba ya jiranka, rabonka ake ta gutsura har ya ƙare. Hutun minti biyar ake bayarwa a kowace awa. To da farko a cikin hutun nan nake kiran Mama. Kun san katin waya na da, kafin ka gama danna lambobin nan masu tsawo, layi ya shiga ko ya ƙi, rabin hutun ya tafi. Mama kuma ba ta san gaisuwar gaggawa ba. Sai ta gaishe ni, ta gai da Rifkatu, ta gai da aikina, ta gai da sanyi, ta gai da masu gidan hayarmu da ba ta taɓa gani ba. Tana cikin ba ni labarin akuyarta, ni idona na kan agogon kwamfuta.

Sai in ce, “Mama, ana nemana a wurin aiki.”

Ta ce, “To Auta, je ka, je ka, kada su yi fushi da kai.”

Daga nan na tsallake Lahadi ɗaya, don ina kan gaba a maki. Na ce mako mai zuwa zan rama. Mako mai zuwan ya zo, kunya ta hana ni, don sai na nemi ƙaryar da zan yi. Kafin a gama gasa dare ya yi nisa a can, Malam Luka ya kashe wayarsa saboda ba wutar caji. In ya yi mini filashin a tsakiyar mako, sai in ce zan kira in na tashi aiki, ban kira ba. Rifkatu kuwa Asabar da Lahadi duk tana wurin aiki a gidan kula da tsofaffi. In ta dawo ta ce, “Ka ji Mama?” sai in ce layin ƙauye ya lalace. Kuɗi dai ina aikawa duk wata, da shi nake lallashin zuciyata. A haka damina ta sauka a gida har ta kusa ɗaukewa, uwata ba ta ji muryata ba.

A nan coci ma kun shaida. Ana cewa amin na ƙarshe, ni na kai mota. Matan zumunta su dafa abinci, a neme ni a rasa.

To ranar da Ubangiji ya kama ni, Lahadi ce ta kusa da ƙarshen zango. Na kashe wayata kamar yadda na saba. Wasa ya yi mini daɗi, an fitar da mutane da yawa, sai aka raba mini sarakuna biyu, wato kati biyu masu hoton sarki. Wanda ya san wasan ya san wannan hannu ne da ake yin makonni ba a gani ba. Ina shirin zuba duk abin da ke gabana, sai ƙararrawar ƙofa ta kaɗa.

Raina ya ɓaci matuƙa. Na taso da gudu da niyyar in sallami ko wane ne a bakin ƙofa. Ina buɗewa, sai ga Fasto Bulus, ga Baba Istifanus dattijonmu da ke Mitchellville, ga Mama Saratu shugabar zumuntar mata. Su uku, da kayan coci a jikinsu, ba wanda ya yi mini dariya.

'Yan'uwa, yaranmu da aka haifa a nan ba za su gane ba, amma ku manya kun gane. A wurinmu ba a faɗa wa mutum rasuwa ta waya. Daga gida ake kiran dattawa, su kuma su zo gidanka ba sanarwa, da fasto, da mace babba wadda za ta riƙe ka. Ni kaina na taɓa raka waɗannan mutum ukun Fort Washington muka kai wa wani ɗan'uwa labarin babansa. Na san yadda ake zama, na san yadda ake kallon ƙasa.

Suka zauna a falo. Na ce in kawo ruwa, Baba Istifanus ya ce in bari tukuna. Fasto ya ce mu fara da addu'a. Yana addu'a, kwamfutar tana kuka daga ɗaki, ƙit, ƙit, tana gaya mini layina ya zo. Kuma bari in faɗi gaskiya a gaban Allah: na san ba lafiya ba, amma rabin hankalina yana wurin sarakunan nan biyu.

Da aka ce amin, Baba ya gyara zama ya ce, “Ayuba, an yi mana waya daga gida. Maganar Mamanka ce.”

Ban tsaya jin sauran ba. Ban san lokacin da na kai kicin ba, na dai tsinci kaina a ƙasa, goshina a jikin firij. Abin da ke yawo a kaina shi ne maganar ƙarshe da na yi mata, kuma ƙarya ce. A zuciyata na ga tsohuwar nan zaune a kan benci a gidan mutane, Lahadi bayan Lahadi, tana kallon wayar da ba ta kuka, sannan ta ɗauki sandarta ta koma gida cikin duhu.

Ban yi addu'a mai tsari ba. Na ce, “Yesu, na kashe ta. Saboda kofin roba na kashe ta. Ban cancanci komai ba, amma ka ji tausayina. Ka cire mini abin nan daga zuciya, ni na kasa.” Kuka nake yi kamar ƙaramin yaro, har da majina.

Sai na ji an dafa kafaɗata. Mama Saratu ce.

Ta ce, “Kai Ayuba, wa ya ce maka ta mutu?”

Na ɗago na dube ta.

Ta ce, “Tana nan da ranta. Tashi ka wanke fuska, ƙaton banza, ka bar dattijo da magana a baki.”

Wayyo, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Dariya da kuka suka haɗu mini, na riƙe bakin zanenta ina ta cewa, “Da gaske, Mama? Da gaske?”

Da na koma falo, Baba Istifanus ya dubi Fasto, ya dubi Mama Saratu, ya kama haɓa ya ce, “Af, ashe mu uku muka zo. Laifinmu ne, ɗana, ba mu lura da irin shigar da muka yi ba.” Sun yi ta kiran wayata a kashe, shi ya sa suka taso.

Sannan ya ba ni labarin. Ashe can gida Mama ta gama yanke hukunci cewa ni ne na mutu, ake ɓoye mata saboda hawan jininta, kamar yadda muke yi wa tsofaffi. Duk lokacin da Malam Luka ya ce mata layi ne ba kyau, sai ta ƙara tabbata baki aka haɗa. Kuɗin da nake aikawa ma shi ya ƙara ɓata lissafin. Ta ce kuɗi na zuwa murya ba ta zuwa, ai Rifkatu ce da 'yan coci ke aikowa don su rufe ta. Ta daina cin abinci sai ɗan kunu da ƙyar, ta rame, tana cewa a gaya mata gaskiya ta yi makokin ɗanta kafin ta bi shi. Faston ƙauyenmu ne ya bi ta hannun wani a Jos har aka samo lambar Baba.

Baba ya ciro wayarsa da kati ya ce, “Yanzu haka tana gidan malamin tana jira. Ta ce in da rai, ta ji da kunnenta.”

Aka kira, aka sa kowa na ji. Malam Luka ya miƙa mata. Muryar da na ji ta zama siririya, da ƙyar na gane ta.

Na ce, “Mama, ni ne.”

Ta ce, “Wane ne?”

“Ayuba ne. Autanki.”

Sai ta juya yarenmu ta yi mini tambaya, na amsa mata da yare. Na ji numfashinta ya canza.

Ta ce, “Asibiti aka kwantar da kai?”

Na ce a'a.

“Kurkuku suka sa ka?”

Na ce a'a, Mama.

“To ina ka shiga?”

Ga Fasto a gabana, ga Baba, ga Mama Saratu ta harɗe hannu tana kallona. Ƙaryar layi ta zo har bakina, amma Ubangiji ya riƙe harshena. Na ce, “Karta nake yi, Mama.”

“Me?”

“Karta. A kwamfuta.”

“Irin ta 'yan tasha?”

Na ce, “Ita.”

Na rufe ido ina jiran abin da ya dace da ni. Sai na ji ta janye wayar daga kunne tana kiran mutanen gidan da ɗan ƙarfin da ya rage mata: “Ku zo ku ji, yana da rai. Lafiyarsa lau, shashanci kawai yake yi. Matar Malam, akwai sauran tuwo? Ki zubo mini.”

Mama Saratu ta fashe da kuka. Fasto ya cire tabarau. Muna riƙe da waya muna ji uwata tana cin tuwo tana yi wa Allah godiya, a tsakanin loma tana yi mini faɗa, har katin ya ƙare.

Ban koma ɗakin nan ba sai da baƙi suka tafi. Na tarar wasan ya cinye rabona ya fitar da ni, ban ji ko ɗar ba. Da Rifkatu ta dawo na gaya mata komai. Ba ta yi mini magana ba sai da aka kwana biyu, kuma tana da gaskiya. Ita ta tsaya a kaina na goge wasan daga kwamfutar. Kada ku ɗauka sha'awar ta tafi a rana ɗaya. Lahadi da yawa bayan nan, ƙarfe biyu na yi hannuna ke fara ƙaiƙayi. Sai Baba Istifanus ya kafa mini doka: ana tashi daga coci in bi shi gida in ci abinci, in kira Mama a falonsa yana ji. Haka Ubangiji ya yi ta ja na a hankali har na tsaya da ƙafata. Shekaru ke nan ban taɓa karta ba. Haleluya!

Na gode wa Yesu da bai bar ni na ji labarin da na cancanci ji a ranar nan ba. In kana nan kana riƙe da wani abu da kake cewa ai ƙarami ne, ba ya cin ko sisinka, ka koma gida ka duba wanda yake ci. Ka kai wa Yesu, ko addu'arka ba ta da tsari zai ji. Ni a ƙasan kicin ya ji tawa, kuma uwata ta ci tuwo a ranar. Ɗaukaka ta tabbata ga sunansa. Amin.