An Ɗauko ma Sa Likita, An Bar Ɗiyata

Assalamu alaikum mai gabatarwa, Allah shi ƙara lahiya. Ni tsohuwa ce daga wajen Rimawa. Ban yi boko ba, maƙwabciyata ka rubuta abin da nika hwaɗi. Don Allah a sakaya sunana, surukina na jin shirin ga.

Ɗiyata na da tsohon ciki. Ƙahwahu sun kumbura, huska ta kumbura, kai na sara mata. Nic ce a kai ta asibiti Goronyo. Mijin yac ce mata sun cika raki, a bari sai an kwashe albasa.

Ran nan sai san huɗa nai yaƙ ƙi cin harawa. Wallahi kahin azahar an ɗauko likitan dabbobi bisa mashin! Ƙatti sun kewaye sa ana jimami, ita ko tana tsakar gida tana yi masu daka. Su ne masu zama bisa tabarma suna maganar ci gaban gari. Tir! Gari shi ci gaba da wa in masu haihuwa sun ƙare?

Ni tsoro nika ji. Haka ƙanwata ta kumbura, jijjiga tad ɗauke ta da cikinta.

Malamai, in na ja hannun ɗiyata munka tahi asibiti ba da iznin mijinta ba, mi al laihina wurin Allah? Ya ce in ta hita, ta hita ke nan. Ku amsa yau, don gobe akwai motar kasuwa, kuma na riga na ɗaure mata kaya.