Logbuk ɗin Tajuddeen

Tajuddeen: Halo? Halo! Salamu alaikum. Gidan rediyo ne, Gusau?

Arzika: Wa alaikumus salam. Wa ke magana?

Tajuddeen: Malam Arzika? Ranka ya daɗe, Tajuddeen ne, ɗalibinka mai sanin makamar aiki.

Arzika: Wa? Ɗaga murya, layin nan sai shuu yake kamar ana suya.

Tajuddeen: Na ce Tajuddeen Tukur ne! Daga Tsafe nake bugowa!

Arzika: Oho. Kai ne.

Tajuddeen: Ni ne. Ina wuni, ranka ya daɗe?

Arzika: Lafiya.

Tajuddeen: Ya aiki? Ya fama da jama'a?

Arzika: Da godiya.

Tajuddeen: Ya Hajiya Jummai da yara? Ƙafar ƙaramin ta warke?

Arzika: Ta warke.

Tajuddeen: Madalla. Ya hidimar zaɓen ƙananan hukumomi? Na san yanzu ba ku da sukuni.

Arzika: Ka sani ke nan. Ya mutanen 'Yankuzo? Ya tsohonka?

Tajuddeen: Lafiya lau, yana gaishe ka. Tare ma muka shigo kasuwa, yana nan ƙofar shagon waya kan benci yana tsaron keke. Ranka ya daɗe, katin wayar ba shi da yawa. Dama maganar logbuk ɗina ce, littafin da nake rubuta aikin kowace rana, wanda na bar maka ranar Juma'a. Jibi Litinin ake rufe karɓa a makaranta, shi ne na ce in ji ko an sa hannun ƙarshe da hatimi, in biyo motar safe in karɓa.

Arzika: Ba a sa ba.

Tajuddeen: Na'am?

Arzika: Wannan kam ka ji shi sarai. Ba a sa ba, kuma ba za a sa ba.

Tajuddeen: Subhanallahi! Me ya faru?

Arzika: Ni kake tambaya? Kai Tajuddeen, ashe haka kake? Kana sunkuyar da kai, ranka ya daɗe, ranka ya daɗe, ashe rami kake haƙa mini a cikin littafi?

Tajuddeen: Wane irin rami kuma?

Arzika: Ga shi a gabana. Da Turanci ma ka rangaɗa shi, to bari in mayar maka da Hausa ko ka ji yadda yake a kunne. Sati na uku, Litinin: na tafi Bungudu gonar Malam Arzika, an fara girbin gero. Talata: girbin gero. Laraba: ɗaurin dami. Alhamis: na raka amalanke zuwa rumbu, sawu huɗu. Wannan ne aikin jarida?

Tajuddeen: Ai abin da na yi ke nan.

Arzika: Rufe mini baki, ban gama ba! Sati na bakwai: cirar gyaɗa. Sati na takwas: na kai wa 'yan ƙwadago abinci, na raba faɗa tsakanin biyu daga cikinsu. Sati na tara, Asabar: na kai Hajiya Jummai gidan suna a Magami, na jira ta a mota har la'asar. Har iyalina ka sa a takardar gwamnati!

Tajuddeen: Ranka ya daɗe, Malam Lukuman, malaminmu mai kula da kwas ɗin, shi ya ce kowa ya rubuta abin da hannunsa ya yi a ranar, kada a ƙara, kada a rage.

Arzika: Shi Lukuman ɗin ne ya ce ka yi zane? Shafin da aka ce a zana kayan aiki, 'yan uwanka sun zana makirufo da rikoda, kai ka zana mini lauje! Ka zana amalanke da shanu biyu, har da kibiya kana nuna sunan kowane sashe!

Tajuddeen: Su ne kayan aikin da aka ba ni.

Arzika: Me ka ce? Layin ya ɗauke.

Tajuddeen: Na ce su ne kayan aikin da ka ba ni!

Arzika: Kai! Ni kake ɗaga wa murya?

Tajuddeen: Kai ka ce in ɗaga, ranka ya daɗe. Ni ma ba son raina ba ne, mutane na jin mu.

Arzika: Su ji mana! Ka san manaja shi ke buga hatimin ƙarshe? Ka san mutumin nan ko takardar ƙosai aka miƙa masa sai ya karanta ta har ƙasa? So kake ya ga wannan, a wannan lokacin da ake rabon muƙamai?

Tajuddeen: Ni maki nake so. Yunit shida ne kwas ɗin nan. In ba sa hannunka da hatimi, ba maki, in ba maki sai na maimaita shekara. Ka fi ni sanin wannan.

Arzika: Da ka tuna da haka kafin ka ɗauki biro.

Tajuddeen: Amma ai ka sa hannu a sati goma sha biyar.

Arzika: Wannan daban.

Tajuddeen: Ina bambancin? Duba ƙasan shafin girbin geron nan. Rubutun wa ke wurin? Ɗalibi ya nuna ƙwazo, a ci gaba da haka. Kai ka rubuta, da jan biro.

Arzika: Ina da lokacin karanta shirmen kowane ɗalibi ne? Ku bakwai aka jibge mana, sitidiyo ɗaya, injin wuta yau ya tashi gobe ya ƙi. Na amince da kai ne na riƙa sa hannu.

Tajuddeen: Wallahi ni kuma duk Juma'a in na ajiye maka littafin nan, tsayawa nake a bakin ƙofa ina jiran ka karanta. Cewa nake yau kam zai gani, zai ce kai, yaron nan ba noma aka aiko shi ba. Sai ka sa hannu ko kallon shafin ba ka yi ba, ka ce gobe in yi sammako, motar Bungudu ba ta jira.

Arzika: To ba ka da baki ne? Me ya hana ka faɗa mini?

Tajuddeen: Na faɗa. Sau uku. Ka ce in an gama gero. Da aka gama gero ka ce in an gama gyaɗa. Da aka gama gyaɗa sai ga dawa.

Arzika: Butulu kawai! Wa ya ba ka ɗaki a zaurena wata huɗu? Tuwon wa ka ci? Ni da kake gani, shekara biyu na yi ina wanke motar maigidana a Sakkwato kafin a bar ni in taɓa makirufo. Ban rubuta shi a littafi ba, kuma ga ni yau.

Tajuddeen: Na gode da ɗaki, na gode da tuwo. Amma ni wata huɗu kawai aka ba ni, ba shekara biyu ba.

Arzika: Ji shi! Har yanzu bakinsa bai mutu ba. To saurara, don ba na son a ce na kashe wa ɗan wani karatu. Na sa an samo mini sabon logbuk, fari tas. Ka zo gobe Lahadi, ka zauna a zaure, in riƙa faɗa kana rubutawa. Tace labarai, haɗa faifai, hira da baƙi, gabatar da shiri. Kafin magariba mun cika sati goma sha shida. In ba ka maki mafi girma, manaja ya buga hatimi, kowa ya huta. Wannan tsohon kuma a sa shi a murhu.

Tajuddeen: Littafina yana da lamba, kuma lambar tana hannun Malam Lukuman.

Arzika: Ka ce ya faɗa ruwa a Kwatarkwashi. Littafi bai taɓa ɓata ba ne?

Tajuddeen: To ranar kare aiki fa? Gaban malamai uku ake tsayawa, na'ura a kan tebur. Duk abin da ka rubuta ka iya, sai a ce bismilla, yi mu gani. In na rubuta haɗa faifai, aka miƙo mini faifai da rezar yanka shi, me zan yi da su? Ranka ya daɗe, sitidiyonku sau biyu na shiga. Ɗaya na kai maka shayi, ɗaya na ɗauko makullin mota.

Arzika: Sai in nuna maka gobe. Abin minti goma ne.

Tajuddeen: Minti goma?

Arzika: Bai fi ba.

Tajuddeen: Abin minti goma ne ka hana ni wata huɗu?

Arzika: Kai, kada ka juya mini magana! Zaɓi biyu ne: ko sabon littafi, ko ka maimaita shekara. Halo? Kana ji na?

Tajuddeen: Ina ji. Ka san abin da ya fi ci mini rai? Bana tsohona shi kaɗai ya yi kaka. Na ce masa zan riƙa zuwa ranar Asabar, ya ce a'a, zauna ka koyi abin da ya kai ka. Kullum bayan magariba yana zaune da rediyo a kunne, ya hana kowa tari, wai kada muryata ta wuce bai ji ba. In na zo gida ya tambaye ni, sai in ce masa ai sababbi a bayan fage suke aiki.

Arzika: Ban ji ba, me ka ce? Bayan me?

Tajuddeen: Na ce ƙarya nake yi wa ubana! Yana can yana yankan dawarsa shi kaɗai, ni ina Bungudu ina yankan taka!

Arzika: To ai sai ka... Halo? Hayaniyar me nake ji?

Tajuddeen: Baba... Baba, tun yaushe kake nan? A'a, ba komai, maganar makaranta ce. Baba, don Allah bari in... katin ya kusa...

Arzika: Kai Tajuddeen! Da wa kake magana?

Tukur: Salamu alaikum. Nan aka magana? Ta wanga gefe? To. Salamu alaikum, Malam.

Arzika: Wa alaikumus salam. Wa ke nan?

Tukur: Tukur ne, na 'Yankuzo. Uban yaron.

Arzika: A'a, Baba! Barka da yamma. Ina wuni? Ya gida, ya iyali? Ya aka ji da kaka?

Tukur: Lafiya lau. Ya taka kakar?

Arzika: To... alhamdu lillahi.

Tukur: Dawa ta yi kyau?

Arzika: Baba, ai abin ba haka yake ba. Yaran yanzu ne, in ba ka haɗa musu da ɗan aikin ƙarfi ba...

Tukur: Tambaya na yi. Ta yi kyau?

Arzika: Ta yi.

Tukur: Madalla. Ai na sani za ta yi, ni na koya mashi. Ba ya barin zangarniya a ƙasa, ɗaurinshi kuma ba ya kwancewa. Tawa dai na kwantar da ita, baya ya riƙe ni kwana tara, kafin in tashi gara ta gama da gefen rafi. Ban yi baƙin ciki ba, na ce yaro na can yana koyon abin da ni ban iya ba.

Arzika: Wayyo, Allah ya mayar da alheri. Wallahi da na sani...

Tukur: Amin. Yanzu wanga littafi da kuke ta faɗa a kai, yana hannunka?

Arzika: Yana nan, Baba. Ƙaramar magana ce, mun ma kusa daidaitawa. Kuskure ne ya yi wajen rubutu, za mu sake wani.

Tukur: Ƙarya ya rubuta?

Arzika: Ba ƙarya ba ce, amma...

Tukur: To kada a sake komai. A bar shi yadda yake.

Arzika: Shi ke nan, Baba, don girmanka. Ga biro a hannuna, yanzu zan sa hannu. Hatimin ma ni zan san yadda zan yi da magatakarda a buga, ba sai an dami manaja ba. Gobe ya zo ya karɓa, magana ta mutu.

Tukur: A'a, dakata da biron. Shi wanga manaja, da na ji ka ambata yanzu, shi ne babbanku?

Arzika: Shi ne, amma mutum ne mai hidima da yawa, ga zaɓe...

Tukur: Ya iya karatu da kyau?

Arzika: Baba, don Allah...

Tukur: Ni ban yi boko ba, Malam. Wata huɗu ina jiran in ji ɗana a rediyo ban ji ba. To Litinin da safe ina nan tafe da motar farko. Sai ka kai ni wurin manajan da littafin, ya karanta mani shi tun daga shafin fari, in ji abin da ɗana ya koya. In ya gama, sai ku sa hannun.

Arzika: Baba, tsaya mu yi magana ta fahimta! Ba Tajuddeen wayar! Baba, ka ji ni? Halo?

Tukur: Kai Tajuddeen, abin nan na ta ƙyafta jar wuta. Ina aka ajiye shi?

Arzika: Halo! Halo! Baba!