Fim Ɗin Bikin Baba

A bencin shagon mai hoto, wani dattijo ya riƙe fim a tafin hannu kamar ɗanyen ƙwai. Matar da ke gefensa ta ɗago kai daga wayarta.

"Baba, har yanzu ana wanke irin wannan?"

"Na bikinmu ne, 'yata. Shekara talatin yana aljihuna."

"Talatin! Ai da waya ce, nan take za ku gani."

"Shi ya sa ba na son ta. Matata ta ce ni na yi kuka ranar, ni na ce ita ce. Kullum da safe sai mun yi musun."

"Mu kam komai na waya, ni da maigidana ba ma musu." Ta kalli wayar. "Ko hira ma ba ma yi."

Mai hoto ya leƙo ya ce a kawo. Dattijon ya mayar da fim ɗin aljihu, ya miƙe.

"Baba, kun fasa?"

"In aka wanke, gobe da me za mu karya kumallo?"

Sai da ya kai ƙofa ya juyo, ya rage murya.

"Kuma ni ne na yi kukan."