Siminti a kan zauren kakanmu

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Daga Kontagora nake rubutowa.

Bana na gama karatun zanen gine-gine. Kawuna ya sa na zana ɗakunan ɗalibai a gidan kakanmu, tsohon zauren ƙasa kuma a gyara shi. Na ce a yaɓe shi da ƙasa. Ya ce, "Kai yaro, wane ɗalibi zai kama ɗakin laka?" Aka shafe shi da siminti.

Danshi ya shiga, ya rasa mafita. Yanzu bangon ya tsage daga azara har ƙasa, ga ɗalibai 'yan garin Auna suna kwana a ciki. Kawu ya ce zauren ya girme ni, ba zai faɗi ba.

Jama'a, yaya zan fitar da su ban saɓa masa ba? Ruwan Agusta bai ma fara ba.