Kamu Arba'in na Dogon Baƙo

A kasuwar Maigatari, wani dogon baƙo ya durƙusa a rumfar Gudaji masaƙi, ya ce a auna masa farin saƙi kamu arba'in. Gudaji ya auna daga gwiwar hannunsa zuwa kan yatsa, ya miƙa masa.

"Malam, wannan bai kai ba," in ji baƙon.

"A gabanka na ƙirga."

"Da hannunka ka ƙirga. Kawo mu gwada."

Suka bi saƙin da hannu. Inda baƙon ya yi kamu huɗu, sai da Gudaji ya yi biyar.

"Ka gani? Huɗuna biyar ɗinka ne, arba'in ɗina kuwa hamsin ɗinka. Saura goma."

Ran Gudaji ya ɓaci. "Shekara ashirin da hannun nan nake awo, ba wanda ya taɓa dawo min da kaya. In riga ce, ai maɗinki ya san dabara."

"Ba riga ba ce, likkafani ne."

"Allah ya jiƙan rai. Wa ya rasu?"

"Ba kowa tukuna. Jibi zan kama hanyar Makka a ƙasa, ba na so a zo rufe ni ƙafafuna a waje."

Gudaji ya tura masa saƙin gaba ɗaya. "Auna da naka hannun."